Man da Na Ɗura wa Tabita a Ɓoye

Salama a gare ku, 'yan'uwa, a cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku amsa da ƙarfi mana.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, amma kowa Maman Tabita yake ce mini. Ni ce mai tuyar ƙosai da doya a bakin layinmu a nan Sabon Gari. Waɗanda suka san ni kuwa sun san bakina. Na hango Mama Laraba, shugabar zumuntar mata, tana murmushi. Yi dariyarki, Mama, yau bakin nan kaina zai tona wa asiri.

Baba Fasto, minti goma ka ba ni. Ka yi haƙuri tun yanzu, zan wuce.

Bara ne hangum ya shiga gidan hayar da muke. Yara huɗu kumatunsu suka kumbura, har da Tabita, 'yata mai shekara takwas. Ita kaɗai gare mu, ba wa ba ƙani. Kumburin ya yi kwanakinsa ya saɓe, na ce an gode Allah, na koma bakin kaskona. Babanta direba ne, yana ɗaukar kaya daga Kantin Kwari zuwa garuruwan gabas, a lokacin ma yana hanya.

Ba a yi mako ba yarinya ta fara kukan ciki. Nan sama, ƙarƙashin ƙirji, ta ce kuma yana sukarta har baya. Na je kemis, mai kemis ya ce tsutsa ce, ya ba ni magani. Washegari ya ce to olsa ce, a ba ta madara. Na dama mata madara mai kauri, ta sha, ta amayar. Na sake damawa.

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne yadda take zama. Ba ta iya kwanciya rigingine. Sai ta durƙusa, ta kifa goshi a tabarma, ta rungume cikinta, ta daɗe a haka ba motsi. Na ce mata, “Ke, wace irin addu'a ce wannan ba amin?” Ba ta yi dariya ba. Tabita da ko tari na yi sai ta yi dariya!

A rana ta uku ko ruwa ba ya zama. Leɓɓanta suka bushe, idanu suka faɗa. Na kashe wuta, na bar ƙullu a roba, na tare ɗan sahu zuwa asibiti. Duk ramin da muka faɗa tsakanin Sabon Gari da Fagge sai ta ƙwalla ƙara. Ɗan sahun da kansa ya rage gudu, yana ta cewa, “Sannu 'yan mata, sannu.”

A asibitin muka haɗu da wata likitar yara, Dakta Bilkisu, siririya, mai magana a hankali. Ta taɓa saman cikin Tabita da yatsu biyu kawai, yarinya ta zabura. Ta yi ta jero mini tambayoyi. Ta faɗi ne? Wani abu ya buge ta a ciki, ko kan keke? Tana da sikila? Wane magani ta sha? Wace rashin lafiya ta yi kwanan nan? Da na ambaci hangum sai ta ɗago kai ta dube ni, ta rubuta wani abu. Ta tura mu a ɗebi jini, a kuma yi hoton ciki.

Da sakamako ya fito ta zaunar da ni. Ta ce, “Maman Tabita, ba tsutsa ba ce, ba olsa ba ce. Akwai wata tsoka doguwa a bayan tumbi, mu fankiriyas muke ce mata. Ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo. Ta 'yarki ta kumbura, ruwan nan kuma ya juyo yana cin ta ita kanta. Jini ya nuna, hoto ma ya nuna. Ina zargin hangum ɗin ne ya taɓa ta.”

Na ce, “To a ba ta maganinsa mana.”

Ta ce, “Ba shi da wata ƙwaya guda da za a haɗiya ya tafi. Za mu yi mata ƙarin ruwa, mu yi mata allurar kashe zafi, mu sa ido. Yawancin yara suna warkewa. Da zarar aman ya tsaya ni da kaina zan ce a fara ba ta abinci, don ba ma son jinkirtawa. Amma kafin nan, kada komai ya shiga bakinta. Kin ji ni? Komai.”

Na ce na ji. Aka rataya wani kwali a kan gadonta mai ɗauke da wannan umarni.

'Yan'uwa, ni mai abinci ce. Tun ina yarinya abin da na sani shi ne mara lafiya ci yake ya tashi. A ce mini in zauna in zuba wa 'yata ido, ciki wayam, wai ruwan leda ne abincinta? Zuciyata ba ta yarda ba ko kaɗan. A raina na ce wannan likitar ko haihuwa ta taɓa yi?

Washegari matan zumunta suka zo dubiya. Aka tare kulolin abincinsu a bakin ƙofa, amma suka shigo suka yi mana addu'a. Da za su tafi Mama Laraba ta damƙa mini kwalbar man shafewa, man zaitun ɗin nan da ake yi wa addu'a a nan gaban bagade. Ta ce, “Ga shi, 'yata. Ubangiji ya taɓa ta.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan, kada wani ya ɗora mata laifi.

Amma kada ku kalle ni haka. Waye a cikinku bai taɓa shan cokali ɗaya na man nan ba? Ciwon ciki mu sha, tari mu sha, mafarki mara kyau mu sha. Uwata ta ba ni, ni ma na saba ba Tabita. Sai na ce a raina, ciwo a ciki yake, me shafawa a goshi za ta yi? Kuma ai wannan ba abinci ba ne, abin Allah ne, kwalin likita bai shafe shi ba.

Na san dai in aka gani za a hana. Don haka na naɗe kwalbar a zane, na tura ƙasan jaka. Ina jira likitoci su gama zagayen safe su fita, in ja labule, in ba ta cokali biyu. Da rana biyu. Da la'asar, lokacin da nas-nas ke canjin aiki, biyu.

Tabita ta ce, “Mama, ba na so. In na sha cikina yana ƙara yi.”

Na ce, “Shaiɗan ne ke jin zafin, shi ya sa. Buɗe baki. Kuma kada ki kuskura ki gaya wa kowa, ba za su gane ba.” Ta buɗe, tana hawaye, ta haɗiye.

A gadon da ke kusa da namu akwai wata dattijuwa, Alhaja Risikatu, Bayarabiya ce amma haifaffiyar Fagge, mai sayar da leshi. Jikanta take jinya. Tun ranar da muka zo take kyautata mini, har tabarmarta ta ba ni. A rana ta biyu da fara ba da man, ta ɗaga labulen a hankali ta same ni da cokali a hannu.

Ta ce, “Maman Tabita, me kike ba yarinyar nan?”

Nan fa halin nawa ya motsa. Na ce, “Alhaja, na taɓa tambayarki abin da kike tofa wa jikanki safe da yamma? Kowa ya yi addininsa mana!”

Ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Ni tofi nake yi, 'yata, ba ɗura ba. Ki ji tsoron Allah, ki gaya wa likita.”

Na ja labulen da ƙarfi har ƙarfensa ya yi ƙara. Dattijuwar da ta isa ta haife ni, na wanke ta tas a gaban mutane don ta faɗa mini gaskiya. Allah ya gafarta mini.

Jikin da ya fara sauƙi a ranar farko sai ya juya. Aman da ya ragu ya dawo, kore shar. Cikin ya taso, ya yi tauri, ya riƙa sheƙi. Zazzaɓi ya rufe ta. Numfashinta ya koma gajere-gajere, kamar wadda ta yi gudu. Allurar kashe zafin da ke kai ta awanni ta daina kai ta ko'ina. Ni kuwa da na ga haka sai na ce yaƙin ne ya yi tsanani, na ƙara cokali ɗaya.

Ranar Alhamis da safe Dakta Bilkisu ta zo da wasu likitoci biyu. Suka daɗe a kan takardun, suna magana ƙasa-ƙasa. Ba wanda ya yi wa Tabita wasa kamar yadda suka saba. Sai ta juyo gare ni.

“Maman Tabita, gwajin jinin ya fara sauka, yanzu ya sake hawa. Ban gane ba. Tun da kuka zo, ba abin da ya shiga bakinta?”

Na ce, “Ko ɗigo, likita.”

Ta sunkuya kan yarinyar, ta shafa kanta. “Tabita, 'yar ƙawata, gaya mini. Kin ci wani abu, ko kin sha?”

Tabita ta juyo da idanun nan da suka faɗa ta dube ni. Ni ma na kafe ta da nawa. Kun san kallon da uwa ke yi wa ɗa a gaban baƙi. Ta mayar da kai ga likita, ta ce da wata 'yar murya, “A'a.”

Alhaja Risikatu ta juya fuskarta bango.

Likita ta ce, “To akwai abin da ba mu gani ba. Za a sake hoto. In zuwa gobe ba canji, za mu mayar da ita ɗakin masu tsananin ciwo, mu kuma kira likitocin tiyata su duba ta. Ki kira babanta ya dawo.”

Ki kira babanta! Na san abin da ake nufi in an ce a kira uba.

Da azahar ɗin ranar, a gadon ƙarshe na ɗakin, aka ja labule aka kewaye wata jaririya. Nas-nas suka yi ta shiga da fita da sauri, can kuma sai suka daina sauri. Uwar ta fasa wani kuka da har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Aka naɗe katifar, aka goge ƙarfen gadon. Kowace uwa a ɗakin ta matsa kusa da nata.

Ba a jima ba Tabita ta yunƙura ta yi amai a 'yar roba, ya sarƙe ta, ta yi ta tari har fuskarta ta canja. Da ta lafa na duba robar, sai ga mai yana yawo a sama, ƙuru-ƙuru. Kun san abin da na fara yi? Ban kira nas ba. Na rufe robar da gefen zanena na ruga famfon bayan ɗaki don kada a gani.

Na zubar, na tara ruwa, na cuɗa. Robar ta ƙi fita. Santsi kawai. Shekara goma sha ina wanke kasko, na san maiƙo in na taɓa shi. Sai maganar likita ta ranar farko ta dawo mini tiryan-tiryan: musamman maiƙo.

Na durƙusa a jiƙaƙƙen simintin nan, rana tsaka, mutane na wucewa. Na buɗe baki zan yi irin addu'ar da na saba, ta ɗaure wannan da kore wancan, amma ta ƙi fitowa. Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba, wadda na yi ta isa. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a ƙirji: in abin nan na Allah ne, me ya sa nake ɓoye shi a ƙasan jaka? Me ya sa sai da na koya wa 'yata ƙarya kafin in ba ta?

Na ce, “Ya Yesu, na yi ƙarya, na sa yarinya ta yi ƙarya. Na ɗauki taurin kaina na sa masa sunanka. In za ka hukunta, ga ni, amma kada ka karɓe ta saboda wautata. Ka ba ni ƙarfin da zan buɗe bakin nan in faɗi gaskiya.” Na yi kuka har majina. Wayyo, ranar na san ni ba kowa ba ce!

Na tashi, na shiga, na zaro kwalbar a gaban kowa, na nufi ofishin likita. Tafiyar ba ta da nisa, amma sau biyu ina tsayawa kamar in juya.

Na ajiye ta a kan teburinta. Saura ƙasa da rabi. Na ce, “Likita, na yi miki ƙarya. Wannan nake ba ta.”

Ta ɗaga kwalbar ta duba. Ni kuwa na ƙosa ta zage ni in huta. Sai ta ce, “Sau nawa? Tun yaushe?” Na faɗa mata duka, har ƙarin cokalin.

Ta sauke numfashi. Ta ce, “Ba zan ce miki man nan ne kaɗai ba, ciwon da kansa yana iya juyawa. Amma ba abin da ke tsokano tsokar nan kamar maiƙo, ke kuma kina zuba mata shi sau uku a rana. In kuma ya sarƙe ta ya shiga huhu, wannan wata masifar ce daban. Kwana uku muna neman abin da yake cikin jakarki.”

Na ce, “Za ta mutu?”

Ta ce, “Ban sani ba tukuna. Amma yanzu na san da me nake faɗa.” Ta miƙo mini kwalbar. “Ba ke ce ta farko ba. Wata rubutu take kawowa, wata jiƙo, wata mai. Ki shafa mata a goshi, ki yi addu'arki da ƙarfi, ni ma ina yin tawa. Baki dai a bar mana shi.”

Kada ku zaci nan take aka warke. Ina! Kwana biyun da suka biyo su ne mafi muni. Aka zura mata roba ta hanci zuwa ciki, tana ta fizge-fizge, ni na riƙe mata hannuwa. Aka sa mata iskar numfashi. Hoto ya nuna ruwa ya taru a gefen tsokar. Kullum da safe a ɗebi jini, kullum in bi fuskar likita da kallo, fuskar ba ta ce mini komai.

Babanta ya iso ranar Juma'a, kai tsaye daga tasha. Na gaya masa abin da na yi da bakina. Bai ɗaga murya ba. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon, ya ce, “Saratu, ita kaɗai ce fa.” Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na je na durƙusa wa Alhaja Risikatu na roƙi gafara. Ta kama kafaɗata ta ɗaga ni, ta ce, “Tashi, uwa ba ta da hankali in ɗanta na kwance. Je ki zauna kusa da ita.”

Ranar Lahadi da hantsi, lokacin da ku kuke nan kuna sujada, na lura yarinya ta miƙe ƙafafu ta kwanta rigingine, tana barci. Rabonta da kwanciya haka tun kafin mu zo. Na taɓa goshinta, ba zafi. Da ta farka ta ce, “Mama, yunwa nake ji.”

Halleluya! Ku taya ni mana, Halleluya!

Kuma kun san me? Saratun da ba ta neman izinin kowa, da gudu na je na tambayi nas ko za a iya ba ta wani abu. Aka kira likita, ta duba ta, ta ce a fara da ruwa kaɗan-kaɗan. Washegari koko tsararo, cokali biyar. Ya zauna. Ba a kai ta ɗakin masu tsananin ciwo ba, wuƙa ba ta taɓa ta ba. Bayan kwana goma sha shida aka sallame mu, da sharaɗin ba soye-soye sai an ga hali, da kuma dawowa a sake hoto. Ruwan da ya taru ya janye da kansa. 'Yar mai ƙosai ta yi wata biyu tana cin dafaffiyar doya tana hararar kaskona.

Ban tsaya nan don in ce man shafewa mugun abu ne ba. Har gobe akwai shi a ɗakina, ina shafawa, ina addu'a. Laifin nawa ne, da na mayar da shi abin ɓoyo.

Abin da ya sa na roƙi Baba Fasto ya ba ni wannan fili shi ne maganar da Tabita ta yi mini bayan mun dawo gida. Ina yi mata kitso a tsakar gida, tana zaune tsakanin ƙafafuna, sai ta ce, “Mama, in tambaye ki?”

Na ce, “Ina ji.”

Ta ce, “In na sake rashin lafiya, in likita ta tambaye ni, zan iya faɗa mata gaskiya? Ba za ki yi fushi ba?”

Matajin ya faɗi daga hannuna. Yarinyar nan ta ji ana cewa a kira babanta, ta san abin da ke ƙara mata ciwo, amma tsorona ya fi mata tsoron mutuwa. Na juyo da ita, na riƙe fuskarta, na ce, “Ki faɗa. Ko ina tsaye ina hararar ki, ki faɗa.”

Na gode wa Ubangiji Yesu da ya bar mini ita, ban cancanta ba. Na gode masa don likitar nan da dattijuwar nan da ya ajiye a hanyata. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, yana ji, yana kuma warkarwa. Amma iyaye mata, ina roƙonku da hawayena, in an tambaye ku a bakin gadon ɗanku, ku faɗi abin da kuka ba shi.

Tabita, tashi tsaye, 'yata, jama'ar Allah su gan ki.

Ga ta nan. Ku taya ni cewa Amin.